Zamani Na Sassafe

A duk faɗin unguwar Plumstead ta ƙasar Ingila babu wanda zai ce maka ya taɓa jin Mashud ya ce "ban sani ba." In ka tambaye shi hanyar unguwar da bai taɓa takawa ba, zai kwatanta maka har da launin ƙofa. In mota ta lalace, shi ne mai leƙa inji yana kaɗa kai. In yaro ya yi zazzaɓi, kafin a kira likita ya riga ya faɗi sunan cutar da Turanci. Matarsa Fausia kuwa, wadda aka kawo daga Gumel bara, ba ta da yawan magana. Nata kallo ne. Takan sunkuyar da kai ta ce "to, Malam," amma babu abin da ke wuce idonta.

Ɗaki ɗaya suke haya a saman gidan Mma Adiza, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi mai sayar da koko da ƙosai. Ɗakin nan, in za a buɗe akwati sai an rufe ƙofa, in za a shimfiɗa sallaya sai an ɗora kujera kan gado. Ga cikin Fausia ya tsufa. Kullum in Mashud ya fita aiki takan tsaya tsakiyar ɗakin tana awo da ido, tana neman inda za a sa gadon jariri, ba ta samu.

Mashud gadi yake a wata kwaleji a Bloomsbury. In sanyi ya dame shi a bakin ƙofa yakan lallaɓa ya tsaya bayan ajin da ya fi ɗumi, ajin nan kuwa na wata malama ce mai bayani kan masu sarautar Ingila da yadda suke kare mutuncinsu. Rabi yake ji, rabin ya cike da kansa.

Ran nan Juma'a ya shigo ɗaki ko sallamar kirki bai gama ba.

"Fausia! Fara ɗaure kaya. Mun tashi."

"Ina za mu, Malam?"

"Marylebone," ya ce yana jan sunan kamar unguwar kakansa.

Ashe bayan an idar da salla ya ji Alhaji Jalo, attajirin nan mai babban gida a Marylebone, yana kokawa. Wani Bature mai sarauta, Lod Tilburuk, zai zo gidansa cin abincin rana ranar Lahadi ta sama, kan maganar injinan ban ruwa. Alhaji bai taɓa ganinsa ba, da ma'aikatansa kawai yake waya, kuma bai san yadda ake tarbar irinsu ba. Mashud ya kutsa tsakanin mutane ya ce wannan ai ƙaramin abu ne a wurinsa. Alhaji dama yana neman wanda zai riƙa kula masa da gida in sun tafi Abuja, kuma mai aikin za a ba flat ɗin da ke ƙasan gidan, ɗaki biyu da kicin. Ya ce wa Mashud, in ka fitar da ni kunya, makullin naka ne.

Ɗaki biyun nan ya shiga ran Fausia. Amma ta san mijinta.

"Malam, ka kuwa san al'adar tasu?"

"Ni? Kullum a kunnena ake karanta ta. Kin san me aka rubuta a ƙofar ajin? Early Modern. Modern dai zamani ke nan. Early kuma sassafe. Zamani na sassafe, Fausia! Sabo fil, ko rana ba ta taɓa shi ba. Turawan titi ma ba su kai ga jinsa ba tukuna."

Turancin Fausia bai wuce na sayen tumatir ba, don haka ta ce, "To, Malam."

Kafin ta ƙara wata kalma ya riga ya sauka ƙasa. Ta bi shi tana dafa bango, ta tsaya a tsakiyar matakala. Mma Adiza na kicin tana soya kifi.

"Mma, notis na zo ba ki. Ƙarshen wata ki nemi wani."

"Aikin ya zo hannu ne?" in ji Mma Adiza da Hausarta ta zango, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Yana hanya."

"Hanya? Ni ma 'yata yana hanya daga Kumasi tun bara, biza bai fito ba. Kai Mashud, Fausia ya kusa haifuwa. Bari makulli ya shiga aljifu tukuna."

"Mma, ke ba za ki gane ba. A tsarin Ingila mutane hawa-hawa ne. Akwai masu sarauta, akwai mu da muke tsaye kusa da su, can ƙasa kuma akwai masu soya kifi."

Mma Adiza ta juya kifinta a hankali, ta tsame shi, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"To, mai tsayawa kusa. Na ji notis. Allah shi kai mu ƙarshen wata."

Fausia ta koma sama. Ɗakin da take raina wa ƙanƙanta, yanzu ko shi ba nasu ba ne.

Washegari Mashud ya dawo daga shagon gwanjo na Woolwich da wata baƙar hula mai faɗin faifai, da gashin jimina a gefe. Ya ce gaisuwar manya zai gwada, ɗakinsu kuma bai isa ba, sai a kicin. Ya tsayar da Fausia bakin firji a matsayin Lod.

"Duba da kyau. Mu a gida takalmi muke cirewa mu bar hula. Su kuwa hula suke cirewa su bar takalmi. Ƙafar dama ta koma baya, hannun hagu a ƙirji, a zaro hular a juya ta a iska har ta share ƙasa."

Ƙafar dama ta koma baya, ta sami bokitin ƙullun kokon Mma Adiza. Ƙullu ya malale. Mashud ya zame, ya wurga hannu yana neman abin kamawa, gashin jimina ya ratsa ta kan wutar gas. Nan take kicin ya ɗauki ƙaurin babbakar kaza, ƙararrawar hayaƙi ta shiga ihu. Mma Adiza ta fito da carbi a hannu tana salati. Gariba, mai hayar ɗakin ƙasa, ya faɗo daga banɗaki da tawul da kumfa a kunne.

Gariba direban Alhaji Jalo ne, kuma Bazazzagi. Mashud Bakano. Ba a raba su da tsiya.

"Wuta ce? Au, Bakano ne. Kaza ka sato kake babbakewa a kanka?"

"Gaisuwar manyan Ingila nake koya wa iyalina," in ji Mashud, yana zaune daram cikin ƙullu.

"Ni dai na daɗe ina tuƙi a garin nan, na ɗauki manya na sauke manya, ban taɓa ganin mai gashin tsuntsu a ka ba. Ƙarya kake."

Mashud ya miƙe a hankali, ƙullu na ɗiga daga wandonsa.

"Me ka ce?"

"Na ce ƙarya kake."

"Gariba, ka san abin da ka aikata? A wajen manyan Ingila ka ce wa mutum jaki, ka ce masa kare, duk da sauƙi. Amma ranar da ka ce masa ƙarya yake, ka taɓa mutuncinsa, kuma ba ya wankuwa sai da jini. Rana ake sawa, a fita fili, kowa da takobinsa."

Gariba ya gyara ɗaurin tawul, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya zaro sandar mofa ta goge ƙasa.

"Me ya kai mu sa rana? Ga fili ga ni. Amarya, ara masa muciya."

Mashud ya dubi damtsen Gariba, ya dubi sandar.

"Ka ci sa'a. Ba a yi sai da tsara. Direba ba tsarana ba ne."

"Mai gadi fa?"

"Jami'in tsaro."

"Jami'in tsaro ya ɗauki mofa ya goge mini kicin," in ji Mma Adiza. "Fausia, kar ka taɓa. Je ka zauna, cikinka ya yi nauyi."

Lahadi ta zo da ruwan sama. Hajiya Turai, matar Alhaji, ta ji labarin masar Fausia, ta ce ta zo ta kama mata aiki. Suna isa Hajiya ta ja ta ƙasa ɗauko tanda, ta buɗe ƙofar flat ɗin. Fausia ta tsaya cak. Falo ne mai taga, ana hango ƙafafun masu wucewa a titi. Ɗakin kwana babba. Kusa da shi wani ƙarami mai farin fenti, babu komai a ciki. Ba ta ma buƙaci awo da ido ba. Ga wurin gado, ga wurin kwandon kaya, har da saura inda mutum zai zauna ya ba da nono. Ta shafa bangon da tafin hannu, ta yi addu'a a zuci: Allah ka kama bakin Malam, yau kaɗai.

Addu'ar ba ta riga ta hau ba ta jiyo muryarsa a sama.

Daga kicin, in ta tura ƙofa kaɗan, tana ganin falo da teburin cin abinci. Abokan Alhaji sun fara zuwa, 'yan kasuwa da wani likita, kowa ya sha babbar riga. Mashud na tsaye bakin ƙofa da hularsa, gashin jiminan ya ƙone rabi.

"Ranka ya daɗe, kar ka cire! Da takalminka za ka shiga. Gaban Lod ƙafa ba takalmi cin mutunci ne."

Mutane suka riƙa kallon juna, suna taka farin kafet ɗin Hajiya da jiƙaƙƙun takalma kamar masu tsallaka ƙwai. Kafet ɗin nan ko ƙuda ba a barin ya sauka a kai. Hajiya ta leƙo ta saman kan Fausia, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. 'Yata, mijin nan naki lafiyarsa ƙalau?"

"Wai haka ake yi yanzu, Hajiya," in ji Fausia, idonta a kan tanda.

Mashud ya jera su layi. Ya ce da zarar Lod ya sa ƙafa, kowa ya tuɓe hula. Suka yi gunaguni, suka yarda. Alhaji Jalo kaɗai ya ɗora hannu kan tasa, wadda ya ja har ta kusa rufe kunne.

"Ni tawa tana nan."

"Ranka ya daɗe, ƙa'ida ce."

"Na ce tana nan. Yi da na sauran."

Hajiya ta taɓe baki ta raɗa wa Fausia. "Tun da ya dawo daga Istanbul hular nan ba ta bar kansa ba. Har kwana yake da ita. Wai sanyi."

Sai Mashud ya shigo kicin ya ɗauki kwanon azurfar da Hajiya ke zuba dabino, ya juye gishiri leda guda a ciki.

"Malam, na mene ne?"

"Iyaka ce. Ana ajiye shi tsakiyar tebur. Wanda ke tsakanin gishiri da maigida, babba ne. Wanda ke bayan gishiri, talaka ne. Ke dai yi masarki."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Mashud ya buɗe, ya ja da baya, ya daka tsawar "My Lord!" Wannan karon gaisuwar ta fita lafiya, in ban da gilashin likita da hular ta kwashe a hanya. Huluna suka sauka a tare. Ga furfura, ga sanƙo, ga shatin hula a goshin kowa.

Lod Tilburuk wani siririn tsoho ne cikin rigar ruwa, da lema a hannu da wata tsohuwar hula a ka. A jirgin ƙarƙashin ƙasa ya zo. Ya dubi layin mutanen, ya dubi Mashud da ke duƙe. Sai ya jingina lemarsa, ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ya cire su ya jera a bakin ƙofa. Babban ɗan yatsansa na leƙe ta hujin safa. Ya tako har gaban Alhaji, hularsa na kansa, ya rage tsawo, ya dunƙule hannu ya jinjina.

"Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, mun same ku lafiya? Yaya ruwa?"

Aka tsaya ana kallonsa. Ludayin ƙullu ya tsaya a hannun Fausia.

Tsohon ya sake duban kawunan da ke buɗe, murmushinsa ya ragu.

"Subhanallahi. An yi rasuwa ne?"

"A'a, a'a, lafiya lau," in ji Alhaji yana in'ina. "Dama kana jin Hausa?"

"Kaɗan-kaɗan. Na koyar a makaranta a Katsina ina saurayi, kafin mahaifina ya rasu a ɗora mini wannan kaya."

Likita ya fara ɗaga hularsa zai mayar. Mashud ya bi bayan layin yana raɗa, raɗar da har kicin ana ji.

"Kar kowa ya motsa! Gwada mu yake. Haka suke yi."

Aka tafi tebur a haka, baƙo ba takalmi da hula, masu gida da takalmi ba hula. Mashud ya ja kujerar da ke hannun daman Alhaji yana sunkuyawa. Lod ya wuce ta, ya shaƙi iska, ya bi ƙamshi har can ƙarshen tebur kusa da ƙofar kicin ya zauna.

"Masa nake ji. Nan zan zauna, ta iso ni da zafinta."

Fausia ta ga gumi ya karyo wa mijinta. Lod guda a bayan gishiri! Mashud ya sungumi kwanon azurfa ya matsar da shi gaba. Bai isa ba. Ya ƙara matsarwa, ya ture kofin wani, ya ratsa tsakanin mutum biyu, har ya kai shi bayan gwiwar hannun Lod, a leɓen tebur.

"To yanzu duk mun zama manya ke nan," in ji likita. "Wa ya rage a bayan gishiri?"

"Bango," in ji Gariba daga bakin ƙofa.

Daidai nan Fausia ta fito da babban kwanon miyar taushe, kanta a ƙasa, tana neman wurin ajiyewa. Mashud ya ɗaga gishirin zai ba ta wuri. Azurfa da santsi, hannu da gumi. Rabin ledar gishiri ya zube cikin miyar da ta tashi tun asuba tana haɗawa. Kafin kowa ya hana, Mashud ya sa ludayi ya juya, wai kar a gani.

Lod ya tsoma masa ya kai baki. Idonsa ya kawo ruwa. Ya haɗiye da ƙyar, ya shanye kofin ruwa, ya nemi ƙari.

"Madalla," ya ce da dasasshiyar murya. "Miyar bana da ƙarfi take."

Fausia ta koma kicin ta tsaya gaban tanda, ba ta ganin komai. Hajiya ta yi tsaki, ta ɗauko zuma ta aika a ci masar da ita.

Abin mamaki, zuman ya gyara zama. Tsohon ya ci masa ya ƙara, ya shiga ba da labarin Katsina, mutane suka sake, wasu suka mayar da hulunansu a sace. Alhaji ya manta da tsoro, yana ta dariya. Fausia ta sake tura ƙofa kaɗan. Ƙaramin ɗakin nan mai farin fenti ya fara dawo mata.

"Wata ranar kasuwa," in ji Lod, "na zauna gaban mai masa, duk abin da ta kwashe daga tanda na cinye, har ƙullunta ya ƙare. Ta ce in tashi kar in cinye tandar."

Alhaji ya buga tebur, dariya har da hawaye.

"Kai, Bature! Ƙarya kake!"

Tiren da ke hannun Mashud ya faɗi ƙasa.

"Ranka ya daɗe! Me ka yi? Ka kashe mu!" Ya yi tsalle ya shiga tsakaninsu, hannuwa a buɗe. "My Lord, a yi haƙuri! Bai sani ba! Jama'a, an ce wa Lod ƙarya yake! Jini ke nan! Takobi ke nan!"

Tsohon ya dubi Mashud, ya dubi ƙonannen gashin jimina, ya dubi kwanon gishiri. Fausia ta ga gefen bakinsa yana rawa, amma ya danne. Ya goge hannu, ya miƙe, ya je bakin ƙofa cikin safarsa ya ɗauko lemarsa, ya riƙe ta kamar takobi.

"Gaskiya ya faɗa," ya ce da fuska a ɗaure. "An taɓa mutuncina. Amma Alhaji dattijo ne, kuma a gidansa nake. Ƙa'ida ta yarda wani ya tsaya masa. Wa zai tsaya?"

Duk idanu suka koma kan Mashud.

"Ga jami'in tsaro nan," in ji Gariba. "Wannan karon an sami tsara."

Mashud ya ja da baya har ya bugi ƙofar kicin, saura kaɗan ya ture Fausia. Bakin lemar na bin ƙirjinsa.

"Akwai wata hanya! My Lord, akwai wata hanya! In wanda ya yi laifi ya tuɓe hula ya ba da haƙuri, magana ta mutu! Ranka ya daɗe, hula!"

"Kai, tsaya nan!" in ji Alhaji, ya kai hannu ka.

Ya makara. Mashud ya zagaya tebur da gudu ya fizge hular.

Abin da ya bayyana ba sanƙo ba ne, ba kuma gashi ba. Tun daga goshi har tsakiyar ka, ƙananan tsiro ne a jere, layi-layi, kowanne cikin ɗan jan raminsa, kamar an yi dashen albasa a fadama. Alhaji ya wawuri faifan da aka rufe masa da shi ya kife a ka.

Hajiya Turai ta fito daga kicin a hankali, ta riƙe haɓa.

"Au! Alhaji, wannan ce gonar da aka je dubawa Istanbul?"

"Dashen gashi ne, ai sun kama," in ji likita yana leƙa ƙarƙashin faifai. "Wallahi sun kama, Alhaji. Kar dai ka sosa."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya, tarin ya ƙwace masa. Daga nan falon ya fashe. Lod ya saki lema ya zauna a kujera yana riƙe ciki.

"Ɗana," ya ce wa Mashud da ya sami numfashi, "don Allah wa ya koya maka duk wannan?"

Mashud ya gyara tsayuwa, hular Alhaji na hannunsa.

"A jami'a na ji. Early Modern. Zamani na sassafe."

"Sassafe kam! Sassafen da ya wuce da shekara ɗari huɗu. Tarihi ne, ɗana. Kakan kakana ma da ya ga wannan gaisuwa da ya ce tsohon yayi ce. Ni takobin gidanmu tana jikin bango, masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto da ita."

"To me ya sa suka rubuta modern?" in ji Mashud. "Ai laifinsu ne."

Alhaji Jalo bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu, faifai na kansa.

"Ba ni hulata. Gariba, nuna masa ƙofa. Ta gaba za ka bi da shi, kar ko matakalar ƙasa ya gani."

Hajiya ta raka Fausia har soro, ta danƙa mata ƙunshin masa, ta matse hannunta.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Kafet zan iya yafewa. Amma kan nan, ko ni ba zan iya ba shi baki ba."

A bas ɗin komawa Mashud bai yi shiru ba. Ya ce dama mutum mai mutunci ba ya zama ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya. Ya ce da bai shiga tsakani ba da yanzu ana wanke jini a Marylebone. Ya ce Lod ɗin ma da alamar na bogi ne, wane Lod ne da hujin safa? Fausia na kallon ruwa yana bin gilashi, ƙunshin masa na kan cikinta. Sai da suka wuce Woolwich ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Malam, jibi wata zai ƙare. Ina za mu kwana?"

Ya yi ta juya hular jimina a kan gwiwarsa har suka sauka.

Gariba ya riga ya buga waya. Suna buɗe ƙofa suka tarar da Mma Adiza zaune a falonta kan babbar kujera, ta ci ɗaurin ɗankwali, maƙwabta mata sun cika sauran kujerun, kowa ta yi kamar aron tsintsiya ya kawo ta.

"Sannu da zuwa, mai tsayawa kusa," in ji Mma Adiza. "Mota yaushe zai zo kwasan kaya? Mai son ɗaki yana jira."

Mashud ya tsaya a bakin falo. Ya kai hannu ga hula, ya fasa. Ya sunkuya ga takalmi, ya fasa. Ya sake kai hannu ga hula.

"Me ka ke nema?"

"Mma, wanne zan cire?"

"Cire duka."

Ya cire duka. Ya ajiye hular jimina kan takalman, ya tsuguna irin na gida, ya sunkuyar da kai.

"Mma, maganar notis ɗin nan..."

"Mai soya kifi bai jin Turanci. Faɗi da Hausa."

"A yi haƙuri a bar mana ɗakin."

"Ba ni ba ka."

Fausia ta matso gaba. Ta ajiye ƙunshin masa, ta dafa kujera za ta durƙusa.

"Mma, don Allah, ko har in haihu..."

"Kai Fausia, tashi! Wa ya ce ka durƙusa da ciki? Shi na ce ba ni ba. Ɗaki daga yau na Fausia ne, sunanshi zan sa. Da ƙaramin sito na gefe, wanda na tara tukunya ciki. Wannan mijin naka ya kwashe su, ya share, ya yi fenti, a sa gadon yaro. Ban da gishiri."

Matan suka kwashe da dariya. Fausia ta rufe fuska da gyale, hawaye na zuba.

"To ni fa, Mma?" in ji Mashud daga ƙasa.

"Kai? Kai a ƙarƙashin matarka ka ke zama. In ya ga dama ya ba ka notis. Ka so ka zama Lod, ga shi ka zama loja, ɗan haya."

Ya kwashi takalmansa da hularsa ya bi Fausia sama, ƙafa ba takalmi, dariyar mata na bin bayansu. A tsakiyar matakala ya tsaya, ya waiwaya ya tabbatar ba mai ji, ya matso kusa da kunnenta.

"Kin dai ji da kunnenki. Lod, loja. Duka-duka me ya rage?"

"Fenti, Malam," in ji Fausia, ta ci gaba da hawa.